Ƙwayoyin Yaya Suna Rabuwa

Ni malamar Hausa ce. Na fara da wannan ne saboda ta nan abin ya fi yi mini ciwo. Na daɗe ina tsaye a gaban allo a wata makarantar 'yan mata a Gusau, ina faɗa a kan lanƙwasar ƙ da ɗ, ina jan jan biro a ƙarƙashin duk kalmar da aka sa ba a muhallinta ba. Ba ni da haƙuri da mai ɓata magana. Ko a kasuwa na ji an karya harshe sai in ji kamar an taka mini ɗan yatsa. Sai ga shi kalma ɗaya tak, wadda na sani tun ina goye, ta ɗaure mini kai har na rasa gabas da yamma.

Wadda ta goya ni ɗin ita ce yayata. Innarmu ta rasu ina ƙarama, Yaya ce ta ƙarasa raino. A Furfuri take zaune, ta wajen Bungudu, a gidan da aka kai ta tun tana amarya. Maigidanta ya rasu ya bar mata 'ya'ya maza uku da gona da 'yan awaki. Ba a jima da rasuwarsa ba yaran suka raba gandu, kowa ya ja nasa yankin gonar, matar kowa ta ɗora tukunyarta daban. Yaya ba ta so ba, ba ta kuma hana ba. Abin da ta ce mini kawai a lokacin shi ne, gidan da aka saba hura wuta ɗaya yanzu hayaƙi uku ke tashi, alhali hatsin bai ƙaru da ko tiya ɗaya ba. Ita kuwa ta ci gaba da sana'arta ta gyada, ta soya, ta matse mai, ta murza ƙuli-ƙuli. Idan tana son in yi mata wani abu Auta take ce mini. Idan tsokana take ji, sai ta ce Malama, ta ja kalmar har sai na harzuƙa.

Wata ziyara da na kai mata na ga tana ɗaga taɓarya tana cije leɓe. Na tambaye ta, ta ce ba komai, ɗan maruru ne a mama da ya ƙi nuna. Na ce mu gani. Da ƙyar ta yarda muka shiga ɗaki. Ƙullutu ne mai tauri, kuma ba na jiya ko shekaranjiya ba. Ranar na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba, har matan 'ya'yanta suka leƙo. Ta bari na gama, sannan ta ce, "To, Malama, in kin ƙare karatun sai ki zo ki kama min turmin ga."

Na dai kawo ta Gusau. Aka yi aiki aka cire abin, aka ce za a kai naman ɗakin gwaji, mu dawo idan sakamako ya fito.

Likitan da ya yi mata aikin saurayi ne mai kirki, ba Bahaushe ba, amma ya zauna a nan har bakinsa ya kama. Ba ya yarda a yi masa tafinta da tsofaffi, ya fi son ya yi musu magana da kansa, kuma na ga kyawun hakan. Ranar da muka koma, ya jawo kujera kusa da Yaya ya ce, "Mama, an duba naman da muka cire. Sankara ce."

Yaya ta gyaɗa kai. Wannan ta riga ta zarga.

Ya ce an yanka naman siriri kamar fatar albasa, an ɗora a kan ɗan gilashi, an ɗauki hotonsa an sa a kwamfuta. Kwamfutar ta fara dubawa, sannan likitar ɗakin gwaji ta bi baya ta duba. "Sun ga ƙwayoyin ciwon suna rabuwa, Mama. Suna rabuwa da yawa, kuma da sauri."

"Suna rabuwa?" in ji Yaya.

"Sosai, Mama."

Ta ɗaga hannu biyu sama ta ce, "Alhamdu lillahi."

Shi likita bai ga komai a wannan ba. Ya saba da tsofaffin garin nan, ko wane irin labari ka kawo musu godiya ga Allah ce farkon abin da zai fito. Ya sunkuyar da kai cikin girmamawa, ya ce shi ya sa dole ta dawo a fara yi mata ƙarin ruwan magani, kada a yi jinkiri. Ni kuwa ina gefe ina kallon fuskarsa, fuskar da maganar ba su tafi tare ba. Mai kawo albishir ba haka yake zama ba. Amma kuma yaushe na taɓa ganin likita yana washe baki? Na ce, "Likita, rabuwa dai ka ce ko?" Ya ce, "Rabuwa, Hajiya." Kafin in ƙara wata tambayar nas ta leƙo, layi ya yi tsawo a waje, muka tashi.

A cikin motar Bungudu Yaya sai fara'a take, har da sayen rake ta taga. Ta zungure ni da gwiwar hannu. "Kin dai ji da kunnenki. Ke ce mai Hausa, faɗa min, mi ake nuhi da rabuwa?"

To me zan ce? Na bi kalmar a kaina tun daga tashar Gusau har muka sauka. Taro ya rabu, kowa ya kama gabansa. Mata da miji sun rabu. Hanya ta rabu. Mutum ya rabu da zazzaɓi, ya rabu da wahala. Duk inda na juya ta, abin da ya rabu raguwa yake yi, ko ya tafi. Ga shi kuma tun ranar da aka ji cuta ta kama Yaya, duk wanda ya shigo gaishe ta addu'a ɗaya yake yi: Allah ya raba ki da ita. To ga na'ura ta duba, ga likita ya faɗa da bakinsa. Rabin zuciyata ya yarda. Ɗaya rabin yana ta tuna mini fuskar likita.

Ran Juma'a Yaya ta sa aka toya waina ta yi sadaka, unguwa duk ta ci. Kowa ya ji cewa har inji ya shaida ciwon yana watsewa.

Da lokacin komawa asibiti ya zo, ta ce ba inda za ta. Kaka ta yi, ana cirar gyada, kuma shekararta duka a kan wannan gyadar take. Ban da haka, ta taɓa ganin wata mata ta ƙauyen da ke kusa da su da aka yi wa irin wannan ƙarin ruwan, gashinta ya zube, ko ƙamshin miya ba ta iya shaƙa. Na kira ta a waya na roƙa, na yi faɗa, na yi barazanar zuwa in ɗauke ta cak. Ta ce, "Auta, abin da ya kama hanya da ƙahwarshi, mi za a kora? Bari in gama da gyada mu gani." Dalilina ɗaya ne, likita ya ce a dawo. Ita ma dalilinta daga bakin likitan ya fito.

Wata nas daga asibitin ta kira ni, don lambata aka rubuta, ta ce ba su ga Mama ba. Na ce ai ta ce an ce ƙwayoyin suna rabuwa. Nas ɗin ta ce, "Ai shi ya sa ma!" Sai aka kira ta daga can ciki, ta ce za ta sake nema na, ta kashe. Na tsaya riƙe da waya a tsakar gida. Shi ya sa ma me? Shi ya sa za ta zo, ko shi ya sa ba sai ta zo ba?

Ni dai tun ina aji uku na tsere daga kimiyya ban waiwaya ba. Don haka washegari a ɗakin malamai na tari malamin da ke koyar da ilmin halittu. Yaya ta hana ni yawo da sunan ciwonta a Gusau, saboda haka na yi tambayar a dunƙule. Na ce, Malam, idan aka ce ƙwayoyin jikin mutum suna rabuwa, alheri ne ko sharri? Ya ajiye kofin shayinsa da murna, an taɓo masa inda yake so. Ya ce ai wannan ita ce alamar rai. Da ita jariri ke girma a ciki, da ita tsiro ke tashi, da ita rauni ke haɗewa ya warke. Ya warke! Na ce a raina, to ashe ni ce mai neman fitina, tsohuwa tana can tana warkewa ina ɗaga mata hankali.

Amma na kasa tashi daga kujerar. Na ce, "To idan a asibiti aka faɗa, bayan an yi wa mutum aiki?" Nan take murnar ta bar fuskarsa. Ya dube ni, bai tambaye ni ko wane ne ba, Allah ya saka masa. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, amma ƙanwarsa likita ce, kuma ita ce ke duba irin waɗannan gilasan. Samunta a wurin aiki da wuya. Sai dai ran Asabar suna da suna a gidansu a Tsafe, za ta zo.

Na shiga motar Tsafe da hantsi, yadda kowa ke yi yanzu saboda 'yan bindiga, a je da rana a dawo da rana. Muka wuce dutsen Kwatarkwashi, motar ta yi tsit a inda aka saba yin tsit, sannan hira ta dawo. Gidan sunan cike yake da mata. Na zata zan ga wata mai farin kaya da tabarau, sai aka nuna mini wata 'yar siririya da lalle har gwiwar hannu, jaririn a cinyarta, tana cin tuwon shinkafa da hannu ɗaya. Ban san ta ba, ba a gayyace ni ba, na zauna kusa da ita na yi barka, na ce ni ce wadda yayanta ya yi mata maganata. Ta miƙa jaririn, ta wanke hannu, ta ja ni wani ɗaki da aka tara tabarmi da kuloli.

Ta ce ba za ta buɗe hoton maras lafiya a gidan biki ba, amma tana da hotunan da take koyar da ɗalibai da su. Ta buɗe kwamfutarta. Abin da ya fito ban taɓa zaton naman mutum ba ne. Ruwan hoda da shunayya ne, ɗigo-ɗigo, zane-zane, kamar sabuwar atamfa.

Ta ce kowane ɗigo ƙwaya ɗaya ce. Aikinta shi ne ta nemo waɗanda aka kama suna cikin rabuwa, ta ƙirga su. Da can sai ta kifa ido a kan madubi tana bi lungu-lungu har idon ya yi ruwa, ga gilasai jibge suna jira, kuma likita biyu za su iya duba gilashi ɗaya ƙirgensu ya bambanta. Yanzu akwai manhajar da suke gwadawa, ita ke fara zagayawa ta yi alama. Ta ce da Turanci sunan hanyar da aka koyar da ita yana nufin koyo mai zurfi.

"Mai zurfi kamar rijiya?" na ce. "Wace ƙa'ida aka koya mata?"

Ta ce ba a ba ta ƙa'ida ba. An dai yi ta nuna mata hotuna masu yawan gaske waɗanda likitoci suka riga suka yi wa alama, wannan ita ce, wannan ba ita ba ce. Ta yi hasashe, a ce ta yi kuskure, ta gyara, a sake. Har ta kai tana ganewa da kanta.

"To tambaye ta me ya sa ta zaɓi wannan ta bar waccan."

"Ba ta iya faɗa, Malama."

Na ce a ajina yarinyar da ta kawo amsa daidai ta kasa bayanin yadda ta samo ta, satar amsa nake zargi. Likitar ta yi dariya har ta dafa kula. Ta ce shi ya sa ba ta sa hannu sai ta bi kowace alama da idonta.

Ta danna wani abu, sai ga korayen zobba sun bayyana nan da can a kan atamfar. Ta matso da ɗaya ya cika allon. A tsakiyar ƙwayar akwai wani baƙin layi mai kauri. Ta matso da wani zoben. A wannan layukan biyu ne, suna fuskantar juna, da ɗan fili a tsakani.

"Kin gani? Wannan ɗaya ce, tana zama biyu."

"Zama biyu? Ba tafiya take ba?"

Ta juyo ta dube ni. "Tafiya ina?"

A waje ana ta guɗa, wata tana kiran a kawo faranti. Likitar ta ci gaba a hankali, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Ta ce malamin bai yi ƙarya ba, da haka jiki ke girma yake warkewa, amma ƙwayoyin lafiya sun san inda za su tsaya, na sankara ba su sani ba. Yawan zobban yana cikin abubuwan da ake dubawa a san ko ciwon mai gaggawa ne. Na ba ta labarin Alhamdu lillahin Yaya da wainar sadaka. Ba ta yi dariya ba. Ta rufe bakinta da hannunta mai lalle ta yi salati.

Tana cikin nuna mini sauran, sai ta tsaya a kan wani zobe, ta danna ya ɓace. Ta ce, "Wannan manhajar ta yi kuskure. Wannan ba rabuwa take ba, mutuwa take yi." Ta ce ƙwayar da ke mutuwa takan dunƙule ta yi baƙi, sai ta yi kama da mai rabuwa. Na'ura na ruɗewa a nan, mutane ma suna ruɗewa.

Na yi wuf na kama wannan. Na ce to ashe Yaya ba ta yi nisa da gaskiya ba! Wa ya sani ko nata duk masu mutuwa ne injin ya ɗauka masu rabuwa? Likitar ta girgiza kai. Ta ce idan ita ta sa hannu a sakamakon, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta goge na gogewa. Abin da likitan tiyata ya faɗa mana abin da ya rage ne.

Na ce ni fa har yanzu ban gane ba. Ta yaya mai mutuwa da mai ƙaruwa za su yi kama? Ta ce gefe ake dubawa. Mai rabuwa gefenta gashi-gashi ne, kamar an ja zare. Mai mutuwa kuwa sumul take, a dunƙule. Ta jera mini wasu ta ce in gwada. Na ƙura ido har hawaye ya taru, duk baƙin ɗigo nake gani. Wadda na ce mai mutuwa ce, mai rabuwa ce. Wadda na rantse mai rabuwa ce, gawa ce. Na ture kwamfutar na ce ta ɗauke abinta.

Da zan fita na tambaye ta, to mece ce kalmar da ta dace a faɗa wa tsohuwa? Ta ce, "Ke ce malamar Hausa. Mu dai rabuwa muke cewa, wasu su ce hayayyafa." Raina ya ɓaci. Na ce hayayyafa! Da haka aka ce tun farko ai da ba mu kai nan ba. Ta ce ita ma ba ta cika ba, domin haihuwa da uwa da ɗa, nan kuwa idan ɗaya ta zama biyu ba a san wace ce uwar ba, babu ita ma. Sannan ta riƙe hannuna ta ce in bar zancen kalma in kawo Yaya. An cire ƙullutun, amma irin wannan mai saurin yakan bar iri a wani wurin, kuma ruwan maganin masu rabuwar yake bi. Kada a jira ƙarshen kaka.

Washegari ina Furfuri. Na tarar da Yaya a gindin darbejiyar tsakar gida, ta miƙe ƙafa a cikin tulin gyada tana tsinka. Na zauna na kama tsinka ni ma, na fara da kalmar da na zo da ita. Na ce, Yaya, ba rabuwa likita yake nufi ba, hayayyafa suke yi.

"Ciwo na haihuwa?" Ta tuntsire da dariya. "Wa ya yi mishi cikin? Ni dai rabuwa na ji anka ce, ke ma kina wurin."

Na share ƙasa da tafin hannu na zana da'ira, na tsaga ta biyu da tsinke. Na ce kin ga ɗaya, yanzu ga biyu. Ta miƙa hannu cikin kwano ta ɗauko ƙuli-ƙuli, ta karya shi biyu, ta ɗora mini a tafi. "Ga shi na raba. Ya ƙaru?" Na dubi ƙulin. Wallahi bai ƙaru ba. Na ce ai su idan sun rabu kowace sai ta girma ta koma kamar ta farko. Ta ce to in ajiye ƙulin nan mu ga ko zai girma. Na ce na ga abin da idona a kwamfuta. Ta ce injin da aka ce ko magana ba ya yi? Kuskurena ne da na ba ta labarin yana ruɗewa tsakanin mai mutuwa da mai rabuwa, don nan take ta kama abin da ni ma na kama a Tsafe, ta riƙe gam.

Na tashi na yi ta faɗa ina zagaya tulin gyadar, na ce taurin kai zai kashe ta, na ce ta fi son gyada da ranta. Daga nan muryata ta karye, na zauna na yi kuka kamar yarinya. Tsoro nake ji, kuma haushin kaina nake ji, ni da nake cin abinci da kalmomi na rasa guda ɗaya da zan ceci yayata da ita. Ba ta lallashe ni ba. Ta ci gaba da tsinkarta, amma a hankali.

La'asar ta yi, matan gidan suka fara hura wuta. Ina share ido na ga hayaƙin yana tashi ta bayan katanga, ɗaya daga sashen babban ɗanta, ɗaya daga na mai bi masa, ɗaya daga na ƙaramin. Ban shirya maganar ba, fitowa kawai ta yi.

"Yaya, da yaran nan suka rabu, wa ya bar gidan?"

Hannunta ya tsaya a kan gyada. Ta ɗaga kai ta dubi inda nake kallo.

"Ba wanda ya tahi," ta ce.

Ita ta ƙarasa da kanta, tana magana ƙasa-ƙasa. "Tukunya guda ta koma ukku. Gobe ɗiyansu su taso su ma su raba." Ta ɗora hannu a ƙirjinta, a gefen da aka yi aikin. "Au. Ashe irin wagga rabuwa ce. Kowa ya kahwa murhunshi, ni ce rumbun."

Abin da ya dame ta bayan nan ba ciwon ba ne, wainar ce. Ta ce da wane ido za ta dubi mutanen da suka ci sadakar warkewarta? Na ce sadaka ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ta ce ta sani, amma dai an yi abin kunya. Ta kira matar babban ɗanta ta damƙa mata gyadar, tana nuna mata wadda za a shanya da wadda za a ajiye iri. Da safe muna jiran mota a bakin hanya wata maƙwabciyarta ta biyo mu da sauri, ta ce, "Allah ya raba ki da ita." Yaya ta amsa da amin mai ƙarfi. Da matar ta juya, ta matso kunnena ta ce, "Wace rabuwar take nuhi?" Muka yi ta dariya a bakin titi har direba ya tambaya ko lafiya.

Sharaɗi ɗaya ta kafa, sai ta ga nata hoton kafin a sa mata allura. Likitar Tsafe ta yarda, ta karɓe mu a ofishinta a Gusau. Yaya ta daɗe tana kallon allon. Ta ce da atamfa ce da ta saya. Da korayen zobban suka fito ta daina wasa, don ba kaɗan ba ne, a wani lungun har suna taɓa juna. Ta nuna wani wuri da likitar ta goge alama, ta ce wannan fa? Likitar ta ce wannan mutuwa take yi. Yaya ta ce, "Allah ya jiƙanta." Sannan ta sa aka yi mata bayanin da aka yi mini, mai rabuwa gashi-gashi, mai mutuwa sumul. Ta gyaɗa kai kamar ana koya mata yadda ake gane gyada mai ƙwari. Ni ina bayanta ina leƙe, har a ranar ban ga bambancin ba.

Aka yi mata ƙarin ruwan. Gashinta ya zube kamar yadda ta ji tsoro, ƙamshin man gyadarta ma ya koma yana tayar mata da zuciya. Ta jure. Ta samu sauƙi, gashin ya fara tsirowa fari fat, ta ga wata damina, ta ci wata kakar. Daga baya ciwon ya dawo ta ƙashin baya. Aka sake wani zagayen maganin, gashin ya sake tafiya, wannan karon bai dawo ba. Na taɓa tare likitar na tambaye ta ko makonnin nan na gyada su ne suka ja. Ta ce ba ta sani ba, kuma babu na'urar da za ta iya faɗa mini. Har yau ina juya wannan amsar, wata rana ta sanyaya mini rai, wata rana ta hana ni cin abinci.

Da abin ya yi nauyi ta ce a mai da ita Furfuri. Na ɗauki hutu na bi ta. Wata safiya da hantsi na fito da ita gindin darbejiya ta sha iska, na zauna ina dama mata kunu. Ta yi ƙanƙanta ƙwarai, amma bakin yana nan.

"Malama," ta ce, ta ja kalmar yadda ta saba. "Zo ki duba min wani abu."

Na ajiye ludayi na matso. Ta zame ɗankwalinta, ta kamo hannuna ta ɗora a kanta, ta bi da shi daga goshi har ƙeya.

"Sumul," ta ce. "Wagga ba sai an kira inji ba."

Na fizge hannuna. Na ce ta daina wannan banzar maganar, ni ban iya ganewa ba, ko a Tsafe da aka gwada ni duk faɗuwa na yi, ta tambayi likitar in tana musu.

Ta mai da ɗankwalinta, ta ɗaura shi a hankali.

"Kin iya, Auta," ta ce. "Miƙo kunun kada ya huce."